Maigidana saura harafi ɗaya ya ci mota, amma kuɗin cefane na ƙarewa

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan cikin garin Katsina wajen Ƙofar Marusa, yarana uku, ina ɗan sayar da su magi da omo da mai a gida. Maigidana ɗan Napep ne, mutumin kirki wallahi bai taɓa rage mu da komai ba sai bana da ya faɗa harkar furomo. Akwai na lemo wanda ake duba ƙarƙashin marfi ana haɗa haruffa, wai in ka haɗa sunan duka ka ci mota, ya haɗa saura harafi ɗaya, yanzu katan-katan yake sayowa ya zauna kan tabarma yana ɓallewa, yara sun sha lemo har sun fara gudun shi. Akwai kuma tes da yake turawa wata gajeriyar lamba, kowane naira 100. Kuɗin cefane ya ragu, balas ɗin mai keke ya fara gagarar shi, har ya ranci dubu 40 cikin adashina. Shekaranjiya kuma wani ya kira shi wai daga kamfani, wai ya ci mota amma sai ya tura dubu 65 kuɗin takardu da na kawo ta daga Legas, ni yake jira in ba shi. In na yi magana sai ya ce ba caca ba ce tunda babban kamfani ne kuma gwamnati ta ba su izini, kuma rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Anti da gaske ana ci? Doka ta san da wannan abin? In ba shi kuɗin ko in hana?

Maman Khalifa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da mai zafin, kar ki ba da dubu 65 ɗin nan, ko sisi kar ki bayar, kuma in kina da hali ki ɗauke kuɗin daga inda ya san kina ajiyewa kafin ki gama karanta amsar nan.

Wannan kiran ba shi da alaƙa da kamfanin lemo ko na waya, ɓarayi ne zalla. Su 'yan damfara suna sauraron rediyo kamar yadda muke sauraro, da sun ji wani furomo ya karaɗe gari sai su zauna su yi ta buga lambobi barkatai, sun san cikin mutum goma da za su kira ba za a rasa biyu ko uku da suka shiga ba kuma zuciyarsu na rataye suna jiran irin wannan kiran. Ki tambaye shi cikin ruwan sanyi, Abban Khalifa ai harafinka bai cika ba, tau ta ina ka ci motar? In ya ce ta tes ce, ya duba lambar da ta kira shi, za ki ga lambar mutum ce irin tawa da taki mai lamba 11, asusun da aka ba shi ma sunan wani mutum ne ba sunan kamfani ba. Kamfanin da ya iya sayen mota ya ba ka kyauta ba zai rasa kuɗin takarda ba, hasali ma su suka fi ka son a kawo motar a tara 'yan jarida a ɗauke ka hoto da makulli a hannu don shi ne tallar tasu. Kuma abin ba ya tsayawa a dubu 65, in ya tura gobe za a ce inshora, jibi a ce motar ta lalace ma direban a hanya wajen Lakwaja a turo na gyara, daga nan a ce ya karanto lambar BVN da wata lamba da za ta shigo mashi ta tes don a tabbatar shi ne, ranar da ya karanto wannan lambar kau sai dai ya ji alat na fita. Wannan shi ne 419 ɗin da kike ji, akwai dokar damfara ta 2006 da EFCC ke aiki da ita, hukuncin ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ne babu zaɓin tara. In yana son ya gwada su, ya ce masu ya gode, su riƙe motar zai zo ofis da ƙafarshi ya biya a can ya karɓi rasit. Ki zuba ido ki ga yadda za su fara faɗa da gaggawa, wai yau ce ranar ƙarshe. Ko ma ya ɗauki kekenshi ya je defo ɗin kamfanin ko ofishin layin wayar da ke nan cikin gari ya tambaya, zuwa da kai ya fi saƙo.

Tau wannan mun gama da shi. Sauran biyun su ne masu wuyar sha'ani don su ba ƙarya ba ne, kuma nan ne maigidanki ke da 'yar gaskiyar da yake riƙewa yana kare kanshi da ita.

Kin ce da gaske ana ci? Ana ci. Kar ma ki je ki ce mashi ba a ci, zai kawo maki hoton wanda ya ci a Facebook shikenan ya kayar da ke. A 2012 MTN jirgin sama sukutum suka sa a gasa, kuma an samu wadda ta ci, ta zaɓi a ba ta kuɗin a maimakon jirgin. Amma mutum ɗaya ce, a lokacin da kamfanin ke da masu layi sama da miliyan 40. Hoton mutum ɗayan nan shi ake nuna mamu, sauran miliyoyin da suka ƙona kati ba wanda ya ɗauke su hoto. Tambayar da ta dace shi ne mota nawa aka sa, kuma mutum nawa ke nema.

Ɗauko biro da bayan kwalin magi mu yi lissafi, lambobin misali ne na zaɓo masu sauƙi don ki gane yadda abin yake tafiya. A ce mota ɗaya aka sa ta naira miliyan 15. A ce kafin a rufe an tura tes miliyan 5 a faɗin ƙasa, wanda ba wani abin mamaki ba ne a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Miliyan 5 sau naira 100, miliyan 500 kenan ta shigo, aka cire 15 aka sayi mota. Kenan duk naira 100 da ya tura, naira 3 ce ta tafi wajen motar, sauran 97 ta masu shirya gasar ce da masu layi da masu talla. Shi kuma tes ɗinshi ɗaya ne cikin miliyan 5. Ƙidayar 2006 ta ce mu mutanen jihar Katsina mun kai miliyan 5 da dubu 800, tau ki ɗauka an tara mu kaf, ƙananan hukumomi 34, tun daga Sabuwa da Ɗandume har Ɓaure da Zango, na Jibiya da na Funtuwa, tsofaffi da jarirai na goye, sai a ɗaure ma wani ido a ce nuna mutum ɗaya, kuma hannun ya sauka a kan Abban Khalifa. Wannan shi ne tes ɗaya.

Zai ce maki ai shi ya sa yake turawa da yawa. Tau a ce ya tura 300, naira dubu 30 kenan ta tafi. Rabon nashi ya dawo ɗaya cikin dubu 16 da ɗari shida da 'yan kai. In yana son abin ya zama ko a ci ko a faɗi daidai wa daida, sai ya tura adadin da duk sauran 'yan Najeriya suka tura a haɗe, wato ya kashe miliyan 500 a kan motar miliyan 15. Kuma kwamfutar da ke zaɓen lamba ba ta san wanda ya daɗe yana wahala ba, ba ta san yana da iyali ba, ba layi ake bi ba balle a ce an kusa zuwa kanshi. In ma na sati-sati ne galibi da an fitar da na wannan satin an share allo an fara sabo.

A Amurka akwai wata babbar caca da ake ce ma Powerball, su da kansu sun rubuta cewa damar cin babbar kyautar ɗaya ce cikin miliyan 292 da wani abu, ya fi yawan 'yan Najeriya gaba ɗaya. Na kawo maki wannan ne don ki ga ko masu cacar ƙiri-ƙiri suna faɗin lambar. Tallar da ta rubuta MOTA da manyan baƙaƙe ta sa hoton mutum yana tsalle amma ba ta faɗi mota nawa ba cikin marfi nawa, ta san abin da take ɓoyewa.

Yanzu maganar marfin, wadda ita ce ta fi ba ni tausayi don ita ta fi kama zuciya. Shi gani yake saura kiris. In haruffa bakwai ne ya samu shida sai ya ga kamar ya ci kashi shida cikin bakwai na tafiyar. Ƙanwata bai tafi ko'ina ba. Shida ɗin nan an buga su ne miliyan-miliyan da gangan don kowa ya samu, harafi ɗaya ne ake bugawa daidai adadin motocin da aka tanada. In mota 5 ce tau marfi 5 ne ke ɗauke da harafin a duk Najeriya, wataƙila ɗaya na Aba ɗaya na Fatakwal, wani ma yaro ya shanye lemon a tasha ya wurgar da marfin cikin kwata bai duba ba. Ki ce ya yi wani abu guda, gobe in ya je inda 'yan Napep ke tsayuwa a bakin babbar kasuwa ko Ƙofar Ƙaura ya tambayi duk masu tara marfin wane harafi ya rage masu. Zai dawo ya ba ki labari da bakinshi, duk harafi ɗaya suke nema, irin nashi. Ba zai yiwu a ce mutum ɗari duk saura kiris kuma duk a wuri ɗaya suka maƙale ba sai in haka aka tsara. Wannan gwajin ya fi duk wani wa'azi da za ki yi mashi don shi zai gano da kanshi. Ki kuma ja kunnenshi, da an kai wannan matakin ake samun masu yawo suna cewa suna da harafin za su sayar dubu kaza, na bogi ne aka kankare aka buga, in da na gaske ne mi zai hana mai shi ya je ya karɓi motar.

Irin wannan tsarin na haɗa guntaye McDonald's sun daɗe suna yin shi a Amurka, kuma a 2001 hukumar FBI ta bankaɗo cewa shugaban tsaro na kamfanin da aka ba kwangilar gasar, wani Jerome Jacobson, shekara da shekaru yana sace guntayen masu tsadar yana ba 'yan uwa da abokai su je su karɓa a raba, abin ya kai kusan dala miliyan 24. Duk tsawon lokacin nan mutane na ta saye suna neman guntun da ba ya ma cikin kasuwa. Ba ina cewa haka ake yi a gasar da maigidanki ya shiga ba, ina dai nuna maki cewa mai saye ba ya ganin abin da ke bayan labule, shi ya sa ake buƙatar hukuma.

Kuma ko da marfin ya zo hannunka ba a gama ba. A ƙasar Filifin a 1992 Pepsi suka yi gasar lamba a ƙarƙashin marfi, babbar kyauta peso miliyan 1. Ranar 25 ga Mayu aka sanar a talabijin cewa lamba 349 ce ta ci, ashe an yi kuskure an buga 349 a marafe kusan dubu 800. Gari ya waye dubban talakawa kowa na riƙe da marfi yana ganin ya zama miloniya. Kamfani ya ce marfin da ke da lambar sirri ta tabbatarwa kaɗai zai biya, sauran ya ce zai ba su peso 500 na haƙuri. Aka yi tarzoma aka ƙona motocin kamfani, mutane suka mutu, aka yi ta shari'a har 2006 kotun ƙolin ƙasar ta ce ba dole ba ne kamfani ya biya. Abin da aka rubuta a ƙananan baƙaƙen nan da ba mai karantawa shi kotu ke dubawa, ba abin da mai talla ya faɗa da ƙarfi a rediyo ba.

Sai batun gwamnati ta ba su izini. A nan sai a tambaye shi wace gwamnatin. Da can akwai dokar caca ta ƙasa ta 2005 da hukumarta NLRC, kamfanin da zai yi furomo mai ƙuri'a wurinta yake neman izini. Amma a Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Legas da wasu jihohi suka shigar tun 2008, ta ce majalisar tarayya ba ta da hurumin yi ma jihohi doka a kan caca da wasannin sa'a, hurumin majalisun jihohi ne, dokar 2005 ɗin a Abuja kaɗai za ta ci gaba da aiki. Kenan takardar da aka buga ma hatimi a Abuja ko Legas ba ita ke nuna cewa jiharmu ta sa albarka ba, mu kau nan tun 2000 zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ake aiki da shari'ar Musulunci, caca laifi ce, ga kuma Hisba a gari.

Waɗanda har yanzu hannunsu ke kan irin wannan gasa daga tarayya akwai FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya da dokar 2018 ta kafa ta gaji tsohuwar CPC, ita ake yi ma rajistar furomo, tana tura jami'anta su shaida fitar da ƙuri'a, kuma dokarta ta hana yaudarar mai saye da tallar ƙarya. Akwai ARCON mai tantance talla kafin a sake ta. In ta waya ce kuma NCC ce, hukumar sadarwa ta ƙasa, wadda a ƙarshen 2012 ta taɓa dakatar da duk furomo da gasar kamfanonin waya gaba ɗaya saboda sun cushe layuka kira ba ya shiga. Tau amma ki gane aikin nasu. Aikinsu su ga cewa abin da kamfani ya rubuta zai bayar ya bayar, ranar da ya ce, ba a yi coge ba. Ba aikinsu ba ne su matso ma maigidanki da rabo kusa. Gasa tana iya zama mai rajista tsaf, takardu sun cika, jami'ai sun zauna a gaba an ɗauki hoto, kuma duk da haka ya zama ɗaya cikin miliyan 5 ɗin nan da muka lissafa. Izini da samun nasara hanyarsu daban.

Gasar da ta bi doka za ki ga tana da sharuɗɗa a rubuce a inda kowa zai iya gani, ranar farawa da ranar rufewa, kyauta nawa ce kuma wace iri, yaushe kuma a ina za a fitar da ƙuri'a, wa aka hana shiga, galibi ma'aikatan kamfani da iyalansu da yaran da ba su kai 18 ba, da kwana nawa aka ba wanda ya ci ya zo ya karɓa. Ki ce ya nemo ya karanta maki. Ba mamaki ma ya tarar ranar rufewa ta wuce yana nan yana ɓalle marfi, don kayan da aka buga lokacin furomo suna daɗewa a shaguna bayan an gama. Wani abu kuma da mutanenmu ba su lura da shi, in layin da yake tes da shi ba da sunanshi da NIN ɗinshi aka yi rajista ba, irin layin nan da ƙane ko aboki ya yi maka, ko lambar ta fito za a nemi katin shaida ya dace da sunan da ke kan layin.

A Amurka ƙa'idarsu ita ce in abu uku suka haɗu, kyauta da sa'a da biyan kuɗi, tau ya zama caca kuma kamfanin kasuwanci ba shi da ikon yi, shi ya sa duk gasar talla a can za ki ga an rubuta ba dole sai ka sayi kaya ba, kuma dole su buɗe hanyar shiga kyauta. A Kanada har ɗan lissafi ake ba wanda ya ci ya amsa kafin a miƙa mashi, don a ce ba sa'a ce zalla ba. Abin dariya ne amma ya nuna maki su kansu masu abin sun san tsakanin talla da caca ɗan siririn zare ne.

Malamanmu ma a kan zaren nan suka tsaya. Allah ya ambaci caca a Baƙara aya ta 219, ya kuma haɗa ta da giya a Ma'ida aya ta 90 ya ce ku nisance ta, aya ta 91 ta ce Shaiɗan yana son ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku da ita, ki duba gidanki ki gani ko ba a fara ba. Abin da malamai da yawa suka faɗa a kan kyautar da kamfani ke sawa a kaya shi ne babu laifi da sharaɗi biyu, kar a ƙara kuɗin kayan saboda gasar, kuma ka saya ne don kana buƙata ba don kyautar ba. Wato in baƙi sun zo ya sayo lemo biyu ya duba marfi ya ga an ce ya ci kati ko wani lemon, ya karɓa abinshi. Amma mai Napep ya sayo katan biyar ba biki ba suna ba, ya ɓalle ya bar su suna hucewa a tsakar gida ƙudaje na bi, ai ba lemo ya saya ba, marfi ya saya. Na tes ɗin ma ya fi fitowa fili don naira 100 ɗin ba ta sayo mashi komai ba sai wataƙila. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Doha a 2003 ta yi magana a kai, cewa gasar da kuɗin shiga ko na kiran waya ke komawa cikin kyautar ba ta halatta ba. Sunan kamfani ko girman shi ba ya canza wannan. Maganar rabon kwaɗo kuma gaskiya ce, amma in har rabon ba ya hawa sama tau mi ya sa yake bin shi da kuɗin cefane, ai marfi ɗaya ma ya isa in nashi ne.

Yanzu ke. Na lura kin fara wasiƙarki da yabon shi, ki riƙe wannan. Mutumin da ke kwana yana lissafin mota ba mugunta ke ran shi ba, gajiya ce, kullum yana cikin rana yana tara ma mai keke balas, fetur ya yi tsada, yana son ya wayi gari da abin kanshi. Kuma yanzu akwai abu na biyu da ke riƙe shi, kunya da ciwon abin da ya riga ya zuba, gani yake in ya tsaya yanzu ya yi asara, in ya ci gaba wataƙila ya fanshe. Duk mai caca a nan yake nutsewa. Don haka kar ki tare shi a gaban yara, kar ki yi mashi gori da dubu 40, kar ki kira shi ɗan caca ko da a zuciyarki kin san sunan abin kenan. Ki bari ya ci abinci ya huta bayan isha'i, ki ce Abban Khalifa dan Allah taya ni wani lissafi, ki miƙa mashi biron shi ya rubuta da hannunshi, katan nawa, tes nawa, tun yaushe. Maza da yawa ba su taɓa haɗa jimillar ba don ɗari-ɗari take fita. In ya ga lambar sai ki tambaye shi nawa ake fara zubawa a karɓi keke na biya a hankali wanda in ka gama ya zama naka, shi ya fi ki sanin wannan farashin, ki bar shi ya kwatanta da kanshi ki yi shiru.

Kuɗinki kuma naki ne, shari'a ta ba ki, hana shi dubu 65 ba rashin biyayya ba ne kuma ba rowa ba ce. Ki je wajen uwar adashi ki gaya mata ko wa ya zo da sunanki kar ta ba da kwasa sai ke da kanki, ba sai kin faɗa mata dalili ba. Dubu 40 ɗin ku yi magana a kan yadda zai riƙa biya ko da 500 ce kullum, ba don kuɗin kaɗai ba, don hannun da ya saba fitar da ɗari-ɗari ya samu inda zai riƙa kaiwa. Katan ɗin da bai ɓalle ba ki karɓa ki sa cikin kayan sayarwarki a rage bashin.

Ki karɓi wayar tashi ku duba tare, don irin waɗannan gasar sau da yawa tes ɗaya za ka tura su maƙala maka rajistar da za ta riƙa cire kuɗi kullum ko ba ka tura ba. Ku danna *305# ku ga abin da aka maƙala ku cire, ku tura STOP zuwa 2442 don a daina turo mashi tallar da ke tayar mashi da tsumin, in an ci gaba da cirewa ku kira 300 ku yi ƙorafi ku karɓi lambar ƙorafin, in ba su gyara ba sai 622 wajen NCC, kyauta ne.

In kin yi duk wannan ya ƙi ji, kar ki fara da gidanku don zai ga kin tona mashi asiri a wajen surukai. Ki nemi yayanshi ko amininshi ko limamin da yake jin nauyi, ki roƙe su su yi kamar su suka lura. In kuma kika gano ya riga ya ranto a wani wuri ya tura ma masu kiran nan, kar a tsaya faɗa, a ranar ya je bankinshi da rasit ɗin taransifa ko takardar POS ya shigar da ƙorafin damfara don su nemi a riƙe asusun da kuɗin ya shiga tun ba a kwashe ba, ya kai rahoto wajen 'yan sanda ko EFCC, kuma kar ya goge lambar da saƙonnin don su ne hujja. In ya karanta masu wata lamba ta banki a toshe katin da asusun kafin komai.